Hayaniyar Lantarki daga Moton Sarbo: Asalinta, Hanyoyinta da Dabarun Rage Ta a Ƙananan Na'urorin Sassaƙa

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wata matsala da ke addabar duk wanda ya ɗaura niyyar harhaɗa ƙaramar na'urar sassaƙa mai aiki da umarnin kwamfuta, irin wadda ake kira CNC, ko a ɗakin koyon sana'a na makaranta, ko kuwa a gida don sha'awa. Matsalar kuwa ita ce hayaniyar lantarki da moton sarbo da direbansa suke haddasawa. Alamunta sanannu ne ga wanda ya taɓa karo da ita: na'ura ta tsaya cik ana tsakiyar aiki alhali babu abin da ya taɓa makunnin iyaka, ko bakin sassaƙa ya riƙa gocewa kaɗan-kaɗan daga inda aka umarce shi, ko kuwa kwamfuta ta yanke hulɗa da allon sarrafawa da zarar an kunna moto. Hasarar ba ta tsaya ga katako ko alminiyam da aka ɓata ba, domin moton da ya samu rahoton ƙarya game da matsayinsa yana iya zabura da dukan ƙarfinsa, ya karya baki, ko ya raunata hannun ɗalibin da ke kusa.

A shekarar 1952 ne ɗakin binciken na'urorin sarbo na jami'ar MIT da ke Amurka ya nuna injin sassaƙa ƙarfe mai bin umarnin lambobi, bisa tunanin da John T. Parsons ya fara kawowa. Shekaru da dama bayan haka irin wannan inji sai a manyan masana'antu, inda ƙwararrun injiniyoyi ke shimfiɗa wayoyinsa. Amma fitowar allon Arduino a Italiya a 2005, da manhajar Grbl a 2009, da kuma manhajar LinuxCNC wadda ta samo asali daga aikin hukumar ma'aunai ta Amurka, sun sauko da wannan fasaha zuwa teburin malami da ɗalibi. Kayan aikin sun iso hannunmu, amma ilimin shimfiɗa wayoyinsu bai biyo su cikin kwali ɗaya ba. Wannan giɓi ne takardar take son ta taimaka wajen cikewa.

2.0 KALMOMIN DA ZA A YI AMFANI DA SU

Kafin mu shiga cikin batun, ya kyautu mu daidaita a kan wasu kalmomi. Moto shi ne abin da ke mayar da lantarki ya zama juyi. Kalmar sarbo kuwa ta samo asali daga kalmar Latin mai ma'anar bawa, kuma injiniyan nan na Faransa, Joseph Farcot, ya yi amfani da ita a littafinsa na 1873. Moton sarbo, watau, moto ne mai bin umarni, wanda kuma ake bincikar ko ya bi. Abubuwa huɗu ne ke aiki tare: allon sarrafawa, wanda ke ba da umarni, direba, wanda ke ba moto wuta gwargwadon umarnin, moton kansa, sai inkoda, wadda ke ƙirga juyin moto tana mayar da rahoto.

Za mu kira abin da ake aunawa da bolt matsin lantarki, abin da ake aunawa da amfiya kuwa kwarara, sa'annan abin da ake aunawa da om turjiya. Yawan kaɗawar lantarki cikin sakan ɗaya da haz ake auna shi. Saƙo shi ne lantarkin da ke ɗauke da umarni ko rahoto. Hayaniya kuwa ba ƙarar da kunne ke ji ba ce. Duk wani matsi ko kwarara da ya kutsa cikin wayar saƙo ba da izni ba, shi muke nufi.

3.0 ASALIN HAYANIYA

3.1 Yankan wuta a cikin direba

Direban zamani ba ya rage wa moto wuta ta hanyar turjiya. Abin da yake yi shi ne ya riƙa kunnawa da kashewa da taransistoci, galibi sau 8,000 zuwa 20,000 a sakan, yana tsawaita lokacin kunnawa idan ana son ƙarfi, yana gajarta shi idan ba a so. Wannan dabara tana hana ɓarnar wuta ƙwarai, amma ita ce uwar hayaniya. Direban da ke shan wutar gari mai bolt 230 yana mayar da ita miƙaƙƙiyar wuta mai kimanin bolt 325, kuma taransista tana iya ɗora wannan matsi duka a kan wayar moto cikin kimanin nano-sakan 100, watau kashi ɗaya cikin miliyan goma na sakan.

Abin lura a nan shi ne, ba yawan kunnawar ne ke da haɗari ba, kaifin tashin ne. Akwai ƙiyasin da injiniyoyi suka saba yi: a raba 0.35 da lokacin tashi, sai a samu iyakar kaɗawar da bugun ya ƙunsa. Tashin nano-sakan 100 yana ba da megahaz 3.5. Ke nan direban da ke yanka wuta a kilohaz 16 yana fitar da kaɗawa irin ta tashar rediyo, wayar moto kuwa ta zama eriyarsa. Kuma ya kamata a sani cewa muddin an ba direba izinin aiki, yankan nan yana gudana ko da moto yana tsaye, domin da shi yake riƙe matsayinsa.

3.2 Tartsatsin kabon

Moto mai kabon, watau mai ɗan gawayin da ke gogar tagullar da ke juyawa, yana da ƙarin tushen hayaniya. Duk lokacin da kabon ya tsallaka daga wani yankin tagulla zuwa na gaba, ana katse kwarara a cikin kwayil farat ɗaya, sai ƙaramin tartsatsi ya tashi. Kabon da ya cinye ko tagullar da ta yi datti suna ƙara wannan tartsatsi.

3.3 Fizgar wuta

Ƙaramin sarbo irin na jiragen wasa, wanda ɗalibai suka fi haɗawa da Arduino, hayaniyarsa ta wata fuska ce. Umarninsa bugu ne da ke zuwa duk bayan mili-sakan 20, mai tsawon mili-sakan 1 zuwa 2. Da ya fara motsi yakan fizgi kwarara mai yawa, wasu har fiye da amfiya 1, alhali mahaɗin USB 2.0 rabin amfiya aka ƙayyade masa. Idan sarbo da allo suna shan wuta daga tushe ɗaya, matsin yakan faɗi na ɗan lokaci, allo ya suma ya farfaɗo, ya mance inda yake.

4.0 HANYOYIN DA HAYANIYA KE BI

Hayaniya ba ta cutarwa sai abubuwa uku sun haɗu: tushe, da hanya, da mai karɓa. Hanyoyin kuwa huɗu ne, kuma kowace da nata magani. Shi ya sa maganin da ya yi wa wani aiki yakan ƙi yi wa wani.

Hanya ta farko ita ce tarayya a wayar komawa. Kowace kwarara sai ta koma tushenta. Waya mai tsawon mita ɗaya tana da halin kwayil na kimanin maikuro-henri 1. Idan moto da allo suka yi tarayya a rabin mita na wayar komawa, kuma kwararar moto ta canza da amfiya 5 cikin maikuro-sakan 1, to bolt 2.5 zai bayyana tsakanin bakin wayar biyu. Abin da allo ya ɗauka sifiri ne, ya tashi daga sifiri.

Hanya ta biyu ita ce ta maƙwabtaka, domin duk wayoyi biyu da ke kwance gefe da gefe kafasita ce, ko an so ko ba a so ba. Alal misali, a ɗauka akwai fiko-farad 10 tsakanin wayar moto da wayar makunnin iyaka, sa'annan akwai fiko-farad 500 tsakanin wayar makunnin da jikin na'ura. Tashin bolt 325 zai rabu bisa wannan gwargwado, watau 10 cikin 510, sai kimanin bolt 6 ya faɗo wa wayar da dukan saƙonta bolt 5 ne.

Hanya ta uku ita ce ta maganaɗisu, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831: maganaɗisun da ke canzawa yana haifar da matsi a cikin kowane gewayen waya da ya ratsa, kuma gwargwadon faɗin gewayen, gwargwadon matsin. Wayar saƙo da ta bi gabas, abokiyar komawarta ta bi yamma, sun buɗe wa hayaniya ƙofa ke nan.

Hanya ta huɗu ita ce ta wutar gari. Direba yana mayar da hayaniya cikin wayar da ya sha wuta daga gare ta, ta bi soket ta shiga kwamfuta. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa, irin su IEC 61800-3 da ta shafi direbobin moto, suna auna wannan nau'i daga kilohaz 150 zuwa megahaz 30.

5.0 ABIN DA HAYANIYA KE YI WA SAƘO

Allon sarrafawa abu biyu kawai ya sani, sifiri da ɗaya. A tsarin TTL, abin da bai wuce bolt 0.8 ba sifiri ne, abin da ya kai bolt 2.0 kuwa ɗaya ne, kuma ratar tsaron da aka tabbatar ba ta wuce bolt 0.4 ba. Idan aka gwama wannan da bolt 2.5 ko bolt 6 da muka lissafa a sama, za a ga cewa abin mamaki ba tsayawar na'ura ba ne, aikinta ne. Daɗin daɗawa, rasistar da ke cikin ƙwaƙwalwar Arduino Uno, wadda ke riƙe ƙafar shiga a sama, tana tsakanin kilo-om 20 da 50, watau riƙo ne sako-sako da hayaniya ke fizgewa cikin sauƙi.

Illar ta danganta da irin saƙon. A tsarin taku da alkibla, kowane bugu umarni ne na taku ɗaya, direba kuwa ba ya bambance bugun gaskiya da na ƙarya. A ɗauka inkoda tana ba da ƙirga 4,000 a juyi ɗaya, sukurun da ke jan tebur kuma yana tafiya milimita 5 a juyi, kuma an daidaita bugu ɗaya da ƙirga ɗaya. Kowane taku milimita 0.00125 ne ke nan. Wannan ba kome ba ne a ido. Amma bugun ƙarya 10 a sakan, cikin minti ɗaya ya zama 600, watau milimita 0.75 idan duk fuska ɗaya suka tura, kuma wannan ya isa ya hana ƙarfe biyu shiga juna.

Inkoda ta ɗan fi juriya, domin layuka biyu gare ta, A da B, masu bin juna a jere. Bugun ƙarya a layi ɗaya yakan ƙara ƙirga ɗaya ya kuma rage shi, su kashe juna. Kuskure yana tabbata ne idan hayaniya ta bugi layukan biyu lokaci guda, ko kuwa bugun ya yi gajartar da maƙirgi ya ga tashinsa bai ga saukarsa ba. Saboda haka lalle ne a saita iyakar tazara tsakanin umarni da rahoto a cikin direba, yadda zai kashe moto da kansa idan tazarar ta wuce kima.

6.0 DABARUN RAGE HAYANIYA

6.1 A tushe

Rigakafi ya fi magani, don haka daga tushe ake farawa. Wayar moto ta zama gajera iyakar iyawa, wayoyinta duka suna tafiya tare cikin kebur ɗaya mai sulke, watau saƙaƙƙiyar tagullar da ke lulluɓe su. A cikin keburin nan ne kuma wayar ƙasa ta moto za ta bi ta koma direba kai tsaye. Dalili kuwa shi ne, tsakanin kwayil da gangar jikin moto akwai kafasita ta ɗabi'a, kowane tashin matsi yana tura kwarara ta cikinta, kuma wannan kwarara dole ta koma direba. Idan ba a ba ta gajeriyar hanya ba, za ta nemi tata, wadda sau da yawa wayar inkoda ce.

Sulken wayar moto ana haɗa shi da ƙarfe a bakin biyu, wajen direba da wajen moto, da maɗaurin da ya kama shi kewaye duka. Murɗe sulke a mayar da shi siririyar jela a ɗaura a sukuru yana rage amfaninsa ƙwarai, domin jelar kwayil ce a wurin kaɗawa mai yawa.

Zoben farait, wanda asalin sinadarinsa aikin Yogoro Kato da Takeshi Takei ne a Tokyo a 1930, yana tare kaɗawa mai yawa ya mayar da wani sashenta zafi. Ana zura wayoyin wutar moto duka tare ta cikinsa kusa da direba, sau biyu ko uku, amma ban da wayar ƙasa, domin ita ce hanyar komawar da ake so ta zauna a buɗe. A gefen wutar gari kuwa, a sa matacin hayaniya dab da direba, a ɗaure shi ƙarfe bisa ƙarfe bayan an kankare fenti, kuma kada wayar shigarsa ta kwanta kusa da ta fitarsa.

Game da moto mai kabon, an saba liƙa kafasita mai maikuro-farad 0.1 tsakanin ƙafafunsa. Wannan daidai ne ga moton da batir ke juyawa kai tsaye, amma ga wanda direba ke yanka wa wuta akwai hattara, domin a kowane yanka sai an cika kafasitar an zubar. A bolt 48 da kilohaz 20, wannan ɓarna ta kai wat 4.6, kuma taransistocin direba ne za su ɗauki zafin. Kafasita mai nano-farad 1 kuwa ɓarnarta kashi ɗaya cikin ɗari na wancan ne. Haka nan kowane rile mai miƙaƙƙiyar wuta a sa masa dayod a kan kwayil, irin 1N4007.

Ƙaramin sarbo kuwa a ba shi nasa tushen wuta dabam, a haɗa wayar komawarsa da ta allo a wuri ɗaya tak, sa'annan a sa kafasita kusa da shi. Lissafinta mai sauƙi ne: fizgar amfiya 1 ta tsawon mili-sakan 1 za ta rage wa kafasita mai maikuro-farad 1,000 bolt 1 ne kacal.

6.2 A hanya

Magani mafi araha shi ne tazara. Masu ƙera direbobi sukan ba da shawarar a bar santimita 20 zuwa 30 tsakanin wayar wuta da wayar saƙo, in kuwa dole su gamu, to su gitta juna, kada su jera. Ɗaure dukan wayoyi cikin dami ɗaya yana ƙawata akwati, amma yana haɗa kura da akuya a ɗaki guda.

Dabara ta biyu ita ce tufka. Alexander Graham Bell ya yi rajistar wannan dabara a 1881 domin wayar tarho. Idan aka tufke wayar saƙo da abokiyar komawarta kamar igiya, gewayen da ke tsakaninsu ya ƙanƙance, kuma matsin da maganaɗisu ya haifar a wannan murɗi yana kashe na murɗin da ke biye. Amma fa sai an tufke saƙo da komawarsa. Tufke saƙo biyu dabam-dabam ba ya maganin kome.

Dabara ta uku ita ce raba wayoyin komawa. Kowane sashe ya samu tasa wayar zuwa matattara ɗaya, kada a jera su kamar carbi, wannan ya ratsa ta wancan. Mafi kyau shi ne a ɗaure direbobi da mataci da tushen wuta a kan farantin ƙarfe ɗaya marar fenti, domin faranti mai faɗi ya fi kowace waya sauƙin bi ga kaɗawa mai yawa. Wayar mita ɗaya da ma'auni ke nuna turjiyarta kusan sifiri, a megahaz 3.5 tana tare kwarara kamar om 22.

6.3 A wurin mai karɓa

Ga inkoda da bugun taku, babu kamar saƙon tagwaye irin na ƙa'idar RS-422. Ana aika saƙo a waya ɗaya, kishiyarsa a ɗaya, mai karɓa kuwa bambancinsu kawai yake dubawa. Hayaniyar da ta faɗa wa tufkakkun wayoyi tana ɗaga su tare, bambancin bai canza ba. Mai karɓa irin AM26LS32 yana gane bambancin bolt 0.2, ko da wayoyin biyu sun tashi ko sun sauka tare har bolt 7. Inkodar da ba ta da wannan tsari ana iya ƙara mata AM26LS31 dab da ita, a kuma rufe ƙarshen layin da rasista mai om 120.

Makunnin iyaka kuwa a shirya shi ya zauna a rufe, sai an taɓa shi ya buɗe. Wannan yana da fa'ida biyu: rufaffen makunni yana riƙe waya da ƙarfi, kuma idan waya ta tsinke na'ura za ta tsaya. Ya fi kyau a yi amfani da bolt 24 a wannan layi, a shigar da shi allo ta mahaɗin haske, wanda ke miƙa saƙo da haske ba tare da wata tagulla ta haɗa ɓangarorin biyu ba. Sai dai idan ɓangarorin suna shan wuta daga tushe ɗaya, rabuwar ta zama ta suna kawai. Mahaɗi irin PC817 ya isa ga makunni. Bugun taku mai sauri kuwa sai irin 6N137.

Matacin rasista da kafasita yana da amfani, amma da lissafi. Kilo-om 1 da nano-farad 100 suna tace abin da ya wuce kilohaz 1.6, wanda ya dace da makunni. Amma inkoda mai layi 1,000 a moton da ke juyi 3,000 a minti tana ba da kilohaz 50 a kowane layi, watau matacin nan zai haɗiye saƙon tare da hayaniyar. Bayan mataci a sa mashigi irin 74HC14, mai bin dabarar da Otto Schmitt ya ƙirƙiro a shekarun 1930, wanda ke da matakin hawa dabam da na sauka, don kada saƙo mai tashi a hankali ya yi rawa a bakin iyaka. Idan kuwa hulɗar USB ce ke yankewa, a sa mata maraba mai katse tagulla, ko a koma allon da ke amfani da Ethernet, wadda dama taransifoma ce ke raba wayoyinta da na'ura.

7.0 WAYAR ƘASA DA HALIN ƊAKUNAN AIKINMU

A nan akwai ruɗani da ya kamata a warware. Wayar ƙasa domin tsare rai aka yi ta. Sandar da aka kafa a ƙasa ba rijiya ba ce da hayaniya ke zuba a ciki ta ɓace, domin kamar yadda aka ambata, hayaniya tushenta take komawa, watau direba. Abin da ke rage ta shi ne ɗaure sassan ƙarfen na'ura da juna ta gajerun hanyoyi masu faɗi.

Duk da haka, rashin wayar ƙasa haɗari ne babba, kuma ba baƙon abu ba ne a ɗakunan aikinmu a tarar da soket mai rami uku amma waya biyu, ko ƙaramin janareto da ba a haɗa shi da ƙasa ba. Matacin hayaniya yana da kafasitoci daga layukan wuta zuwa gangar jiki. Idan babu wayar ƙasa, waɗannan suna iya ɗaga jikin na'ura zuwa kimanin rabin matsin gari, watau bolt 115, kuma wannan matsi zai nemi hanya ta keburin kwamfuta ko ta jikin mai aiki. Ga shi kuma da rani ƙasa takan bushe, turjiyar sanda ta ƙaru, don haka ya kamata a riƙa auna ta. Wanda ya yanke wayar ƙasa don na'ura ta daina tsayawa, ya sayi shiru da ran ɗalibinsa. Haka kuma makunnin tsayawar gaggawa ya katse wutar moto da kansa, kada a rataya shi a kan manhaja, domin allon da hayaniya ta ruɗa ba zai ji umarni ba. Kuma kafasitocin direba suna riƙe wuta na wasu mintoci bayan an kashe, sai an auna kafin a taɓa.

8.0 YADDA AKE BIN SAWUN MATSALA

Bin sawu yana bukatar tsari, a canza abu ɗaya a kowane gwaji, a rubuta sakamako. Da farko a kunna allo kaɗai a duba ko ƙirgar inkoda da alamun makunnai suna zaune. Na biyu, a ba direbobi wuta ba tare da izinin aiki ba. Na uku, a ba su izini ɗaya bayan ɗaya, moto yana tsaye. Idan matsala ta ɓullo a nan, yankan wuta ne, kuma an san direban da ke da laifi. Na huɗu, a motsa moto. Matsalar da sai da motsi take bayyana tana nuni ga fizgar wuta, ko kabon, ko wayar da ta karye a ciki. Daga ƙarshe a sa ma'aunin agogo a jikin tebur, a umarci na'ura ta je ta dawo sau ɗari, a ga ko ta koma sifiri.

Ƙaramar rediyo da aka karkata zuwa matsakaicin zango, inda babu tasha, tana nuna wayar da ta fi zubar da hayaniya idan aka bi da ita kusa. Mai osiloskof kuwa ya gajarta wayar ƙasan tsinkensa, ya kuma fara taɓa bakin tsinken da ita. Abin da ya gani a lokacin, tsinken ne ya tsinto, ba ya cikin layin. Kada kuma ya kuskura ya maƙala wannan waya a ƙafafun wutar direba, domin a haɗe take da ƙasar gari. Har ila yau, a bambance hayaniya da rashin saiti: moton da ke kai da komo a hankali bisa ƙa'ida, ko yake gurnani, sau da yawa ƙarfin gyaran da aka saita masa ne ya yi yawa, kuma zoben farait ba ya maganin wannan.

9.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata za a ga cewa mafi yawan maganin ba na kuɗi ba ne: tazara, da tufka, da kankare fenti, da kama sulke kewaye, da raba wayoyin komawa. Abin da suke bukata shi ne a yi tunaninsu tun ana zana akwatin na'ura, kafin a yanka waya ko ɗaya. Tambaya ɗaya ce ya kamata malami ya cusa wa ɗalibi game da kowace waya: ta ina kwararar nan za ta koma?

Shawarar da wannan takarda ke bayarwa ga sassan koyar da fasaha na kwalejojinmu ita ce a mayar da wannan batu darasin aiki da hannu. Moto ɗaya, da direba, da makunni mai doguwar waya, da allo mai ƙirga bugun ƙarya sun isa. Ɗalibai su jera wayoyin su rubuta ƙirga, su raba su, su tufke, su sa sulke, suna rubutawa a kowane mataki. Ɗalibin da ya ga lambar tana sauka da hannunsa ba zai mance dalili ba, kuma shi ne gobe zai shimfiɗa wayoyin ɗakin aikin da yaran wasu za su tsaya a ciki. Ya rage ga mahalarta wannan taro su duba kalmomin da aka yi amfani da su a nan, su gyara waɗanda ke bukatar gyara, domin a samu matsaya ɗaya wajen koyar da wannan fanni da Hausa.